Awon Shuɗin Nilu: Yadda Ake Lura da Ruwan da Ke Gangarowa daga Duwatsun Habasha

1. Kogin fili da kogin dutse

Kogi iri biyu ne. Akwai wanda ke tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, yana cika sannu, yana janyewa sannu, har mutanen bakinsa su iya faɗin makon da zai kawo da makon da zai koma. Akwai kuma wanda ke gangarowa daga kan duwatsu, wanda ruwan sama na dare ɗaya kan ɗaga shi fiye da tsayin mutum kafin gari ya waye. Na biyun nan ya fi wuyar awo, shi ne kuma aka fi bukatar a auna, gama mutanen da ke zaune ƙasa da shi ba su ganin hadarin da ya cika shi. Ruwan kaɗai suke gani, sa'ad da ya riga ya iso ƙofar gida.

Cikin kogunan Afirka da wuya a sami wanda aka daɗe ana lura da cikowarsa kamar Shuɗin Nilu, wanda ya taso daga Habasha, ya ratsa Sudan, ruwansa ya ƙare a Masar. Saboda haka aka ɗauke shi misali a wannan takarda, domin a bayyana abin da ake aunawa a kogin dutse, da yadda ake awon, da inda kuskure kan shigo. Za a ga kuma sharuɗɗa biyu waɗanda in babu su aikin duka ya zama wahalar banza: lissafin ya daɗe bai yanke ba, labarin kuma ya riga ruwan isa.

2. Siffar kogin

Kogin yana fita daga Tafkin Tana, a arewa maso yammacin Habasha, bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,800 daga fuskar teku. Habashawa suna kiransa Abbay. Bayan ya bar tafkin a garin Bahir Dar da kamar kilomita 30, sai ya faɗo daga kan dutse a wurin da ake kira Tis Isat, sa'an nan ya shiga wani kwazazzabo da ya haƙa wa kansa, wanda zurfinsa a waɗansu wurare ya kai mita 1,500. Cikin kwazazzabon nan yakan nufi kudu maso gabas, ya karkata kudu, ya juya yamma, ya yi wa ƙasar Gojjam ƙawanya, kana ya fito fili a kan iyakar Sudan, inda tsayin ƙasa bai wuce kimanin mita 500 ba. Watau cikin tafiyar kilomita 800 ya sauko kusan mita 1,300. Daga nan zuwa Hartum, inda yake gamuwa da Farin Nilu, akwai kamar kilomita 650, amma saukar ba ta kai mita 150 ba.

Ko da yake daga Tana ya fito, abin da tafkin ke ba shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na ruwan da ke isa kan iyaka ba. Sauran daga kogunan da ke zubo masa a hanya ne, kamar su Bashilo da Jamma da Muger da Guder da Didessa da Dabus da Beles, kowane da tasa gangarar. A cikin Sudan kuma Dindar da Rahad sukan ƙara masa da damina, da rani su yanke su bar tafkuna. Daminar tsaunukan, wadda Habashawa ke kira kiremt, daga Yuni take zuwa Satumba.

A nan wajibi ne a bayyana mudun da ake awon ruwan kogi da shi. Sunansa kubik mita, watau ruwan da zai cika akwati mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya. Lita dubu ke nan, ko kuwa duro biyar. Kafin a datse kogin kusa da kan iyaka a 2020, abin da ke wucewa a ƙarshen rani bai fi kubik mita ɗari da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya ba, amma a ƙarshen Agusta yakan haura 5,000, watau ya ninka kusan sau hamsin. A lokacin, wajen kashi huɗu cikin biyar na ruwan shekara duka tsakanin Yuli da Oktoba yake wucewa. Jimlar shekara a kan iyaka, in an yi matsakaicin lissafi, kimanin kubik mita biliyan 49 ce, biliyan ɗaya kuwa miliyan dubu ce. Wannan ya kusa kashi shida cikin goma na ruwan da ke isa Aswan a Masar. Ƙarfin cikowar har yakan tokare Farin Nilu a Hartum, ya hana shi wucewa sai ya taru a baya.

A kan wannan ruwa aka gina madatsar Sannar a 1925 domin gonakin auduga na Jazira. Shi ne kuma abin shan mutanen garuruwan gaɓarsa da abin nomansu, cikinsu har da Maiwurno, kudu da Sannar kaɗan, wanda Muhammadu Bello Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa tare da jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

3. Ma'aunin mutanen da

Misirawa tun zamanin Fir'auna suke yanka ma'auni a jikin dutse da matakalai a bakin kogi, alhali ba su san inda cikowar ke fitowa ba. Wanda ya fi shahara shi ne na tsibirin Rauda a Alƙahira, wanda aka gina a 861 bisa umarnin Halifa Mutawakkil. Rijiya ce ta dutse wadda ruwan kogi ke shiga ta ƙarƙashin ƙasa, a tsakiyarta akwai ginshiƙin marmara da aka yi wa alamun zira'i, watau kamu. Idan ruwa ya kai zira'i 16 sai a yi shela kogi ya cika alkawari, a fasa datsiyar magudanar birni, a yi biki. Bisa ga tsayin da ya kai ake yanka harajin gona na shekarar. Lissafin cikowa da janyewa na wannan tsibiri ya faro daga shekarar 622, ya kai har farkon ƙarni na ashirin, ko da yake akwai shekarun da suka ɓace a tsakani.

Wannan ma'auni yana da rauni guda uku. Na ɗaya, tsayi kaɗai yake nunawa, ba ya faɗin yawan ruwan da ya wuce. Na biyu, yana can ƙarshen tafiya ne, saboda haka ba ya gargaɗi. Sai abin ya zo yake shaidawa. Na uku, laka tana ta kwanciya a cikin kogin da gonaki shekara bayan shekara, ƙasa tana tashi, har zira'i 16 da ke nufin yalwa a wani ƙarni ya koma bai isa ya shayar da gonakin tudu ba a wani ƙarnin. Ginshiƙin bai motsa ba, ma'anar alamunsa ce ta sake. Awon zamani duka ƙoƙarin gyara waɗannan uku ne.

4. Tsayi da kwarara

Masu awon kogi suna rarrabe abu biyu. Tsayi shi ne inda fuskar ruwa ta kai. Kwarara ita ce yawan ruwan da ke wuce wani wuri a daƙiƙa ɗaya. Tsayi yana da sauƙin gani, amma kwarara ake nema, gama ita ce ke cika tafki, ita ke juya injin lantarki, ita kuma ƙasashe ke rabawa.

Domin sanin tsayi akan kafa allunan awo a gaɓa, masu zane-zanen santimita, a jera su kamar matakala daga ƙasan kogi zuwa inda ambaliya ke kaiwa, yadda in ɗaya ya nutse na samansa zai karɓa. Dukansu akan ɗaure lissafinsu da wata alama tabbatacciya da aka kafa a dutse nesa da ruwa, domin in ruwa ya tafi da allo a mai da sabo daidai inda tsohon yake. Akan sa mutum, galibi ɗan ƙauyen, ya karanta kowace safiya a sa'a guda, da damina kuwa sau da yawa a yini, ya rubuta a littafi. Inda hali ya yi akan gina rijiya a gaɓa, a sa wani abu mai tashi bisa ruwa a cikinta, yana jan alƙalami a kan takarda dare da rana. A yau akwai na'urar da ake nutsarwa ta ji nauyin ruwan da ke bisanta, da wadda ake ratayawa a gada ta auna nisan fuskar ruwa, su aika da lambar ta iska. Duk da haka ba a yar da allo ba, gama da shi ake gwada gaskiyar na'ura.

Kwarara kuwa sai an lissafa. A ƙaddara faɗin kogi mita 200 ne, matsakaicin zurfinsa mita 5. Girman ƙofar da ruwan ke bi ya zama 200 sau 5, watau 1,000. In ruwan yana gudun mita 2 a daƙiƙa, kwarara ta zama kubik mita 2,000 a daƙiƙa. Da yake yini da kwana daƙiƙa 86,400 ne, abin da ya wuce a rana ɗaya ya kusa miliyan 173. Da wannan lissafi na miliyoyi a rana injiniyoyin Sudan da Masar suka saba magana.

Amma fa kogi ba akwati ba ne. Zurfinsa ya bambanta daga gaɓa zuwa gaɓa, gudunsa ma haka: ya fi sauri a tsakiya kusa da sama, ya fi nawa a ƙasa da gefe inda yake gugar dutse. Saboda haka akan raba faɗin kashi ashirin ko fiye, a auna zurfin kowane kashi da gudunsa dabam, sa'an nan a haɗa. Abin awon gudu wata 'yar farfela ce mai nauyi a ƙarƙashinta, wadda ake saukarwa daga gada, ko daga kwale-kwale, ko daga wayar ƙarfe da aka miƙa tsakanin gaɓa biyu. Yawan juyin da ta yi cikin ƙayyadadden lokaci shi ke nuna gudun. An gano cewa in an auna a kashi biyu cikin goma na zurfin daga sama, aka sake aunawa a kashi takwas, aka raba jimlar biyu, an sami matsakaicin gudun wurin. In ruwan ba shi da zurfi, awo ɗaya a kashi shida ya isa. Yanzu akwai na'urar da ake ja a ƙetare kogi da ita, tana aika sauti cikin ruwa, tana sauraron yadda yake komowa daga ƙwayoyin laka, ta gama cikin mintoci abin da dā kan ci rabin yini. A ƙananan ƙoramu masu duwatsu, inda farfela ba ta da wurin tsayawa, akan zuba gishiri wanda aka san nauyinsa, a gangara ƙasa a auna yadda ruwan ya tsarma shi; gwargwadon tsarmuwar, gwargwadon yawan ruwan.

Ba shi yiwuwa a yi wannan wahala kowace rana. Dabarar ita ce a auna kwarara sau da yawa, a ƙaramin ruwa da matsakaici da babba, kowane karo a rubuta tsayin da allo ya nuna. Daga nan a zana jadawali wanda ke cewa tsayi kaza yana nufin kwarara kaza. Bayan haka abin da mai karatun allo ya rubuta da safe ya isa a fid da kwararar ranar. Dukan alƙaluman da ake ji game da kogi, har biliyoyin da ake gardama a kansu, a kan wannan jadawali suke tsaye.

5. Inda kuskure kan shigo

Jadawalin yana da gaskiya muddin cikin kogin bai sake ba. Kogin dutse kuwa ba ya barin cikinsa yadda yake. Cikowa ɗaya takan kwashe yashi ta zurfafa wurin, wata ta jibge tsakuwa ta cike shi, sai tsayin da jiya ke nufin dubu biyu yau ya nufi dubu da ɗari takwas. Don haka akan nemi wurin da kogi ya miƙe, ƙasansa dutse ne, gaɓarsa ba ta zubewa, a kuma riƙa sake gwada jadawalin kowace shekara.

Wahala ta biyu ta fi wannan. Babbar cikowa, wadda aka fi bukatar saninta, ita ce aka fi kasa aunawa. Takan zo da dare, tana ɗauke da itatuwa, ba mai iya shiga kwale-kwale, wani lokaci ta tsinke wayar ta tafi da allon. Sai a koma ga alamar laka da ta bari a jikin dutse, a ƙarasa jadawalin da ƙiyasi. Ya kamata mai karatun alƙaluman ambaliya ya san cewa mafi girmansu su ne mafi rauni.

Ta uku ita ce isa wurin. Kwazazzabon Abbay ya yi wuyar shiga har ba a zana taswirar hanyar kogin sosai ba sai da wani jakadan Ingila, R. E. Cheesman, ya bi gefensa da alfadarai tsakanin shekarun 1920 da farkon 1930. Tashoshin awo masu yawa a cikin Habasha sun samu ne lokacin binciken da hukumar madatsun ruwa ta Amurka ta yi tare da gwamnatin ƙasar daga 1958 zuwa 1964. Tashar da ke nesa da hanya kuwa ita ce littafinta kan yi giɓi, giɓin kuma da damina yakan faɗo.

Ta huɗu aikin mutum ne. Idan aka datse kogi, ruwa yakan taru ya koma baya, ya ɗaga tsayi a wurin da kwarara ba ta ƙaru ba. Tun farkon ƙarni na ashirin ake awo a Rusairis, amma da za a gina madatsa a can, wadda aka gama a 1966, sai aka mai da awon sama zuwa Daim, kusa da kan iyaka. Da aka ƙara wa madatsar tsayin mita 10, aikin da ya ƙare a 2013, tafkin ya miƙe har yana taɓa Daim in ya cika, ya zamana dole a yi hattara da karatun wannan lokaci.

6. Laka da halin ruwa

Sunan kogin daga Larabci ya zo, Azraƙ, kalmar da a bakin mutanen Sudan kan ɗauki ma'anar duhu ko baƙi. Launinsa ke nan da damina, saboda ƙasar gonakin tsaunuka da yake wankowa. Awon laka haka yake: a cika kwalba a zurfi dabam-dabam, a tace, a busar, a auna nauyin abin da ya rage, a ninka da kwarara. Mafi yawan ƙididdigar da aka yi kafin 2020 ta nuna fiye da tan miliyan ɗari ke ƙetare iyaka a shekara. Akan kuma auna zafin ruwan da gishirinsa da gurɓatarsa, domin masu tace ruwan sha.

Awon ya nuna abin da ido bai kula da shi ba: laka tana riga babban ruwa zuwa. Ruwan Yuli ya fi kauri, gama a sa'an nan gonaki sababbin huɗa ne, ciyawa ba ta rufe ƙasa ba. Zuwa Satumba ruwa yana da yawa har yanzu, amma ya soma washewa. A kan wannan sani aka tsara aikin Sannar da Rusairis shekara da shekaru: a bar ƙofofi buɗe ruwan fari ya wuce da lakarsa, sai kogi ya fara janyewa a rufe a tara. Duk da wannan dabara Sannar ta yi asarar fiye da rabin wurin ajiyarta, magudanan Jazira kuma sai an yi ta yashe su kowace shekara.

Tun da aka datse kogin a Habasha, yawancin lakar a sabon tafkin take kwanciya. Wannan sauƙi ne ga madatsun Sudan, amma rashi ne ga mai noman gaɓa da mai buga tubali, waɗanda sabuwar laka ce jarinsu. Har wa yau, ruwan da ya rabu da kayansa yakan ci gaɓa da ƙasan kogi domin ya sami wani, kamar yadda aka gani ƙasa da Aswan. Ke nan tsofaffin jadawalan tashoshin da ke ƙasa suna bukatar sabon gwaji.

7. Amfanin dogon lissafi

Awon shekara biyar ko goma ba ya bayyana halin kogi. Ruwan Nilu na 1878 ya ninka na 1913 wajen sau uku, wanda ya ga ɗaya kaɗai kuwa zai gina abin da ɗayan zai kunyata. Harold Edwin Hurst, wani masani Baturen Ingila da ya shafe yawancin rayuwarsa yana aikin Nilu a Masar, ya bi diddigin lissafin Rauda da waɗansu dogayen lissafai, ya buga sakamakon a 1951. Abin da ya gano shi ne shekarun yalwa sukan bi juna, na ƙaranci ma haka, fiye da yadda za su yi da a ce kowace shekara ƙuri'a ce mai zaman kanta. Masana na baya sun laƙaba wa wannan hali sunan Annabi Yusufu, saboda shekaru bakwai na yalwa da bakwai na fari. Ma'anarsa ga mai gini ita ce, tafkin da ake so ya riƙe mutane har ƙarshen jerin shekarun fari sai ya fi girman da lissafin dā ke nunawa nesa ba kusa ba.

An ga gaskiyar wannan. An gama babbar madatsar Aswan a 1970. Daga ƙarshen shekarun 1970 ruwan Habasha ya yi ta ƙaranci, 1984 ta fi muni, tafkin ya yi ta sauka har tsakiyar 1988, sa'ad da babbar cikowa ta zo ta ceci Masar.

Rabon ruwa ma a kan lissafin nan yake. Yarjejeniyar Masar da Sudan ta 1959 ta ɗauki matsakaicin abin da ke isa Aswan biliyan 84, bisa awon shekarun da suka gabace ta tun daga 1900. Aka ba Masar 55.5, Sudan 18.5, aka bar 10 domin abin da rana ke sha. Habasha, wadda yawancin ruwan daga ƙasarta yake, ba ta cikin yarjejeniyar, ba ta kuma yarda da ita ba.

8. Labari ya riga ruwa

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Cikowar da ta wuce kan iyaka tana bukatar kwanaki kafin ta kai Hartum, da ƙarin kwanaki masu yawa kafin Aswan, saƙon waya kuwa nan take yake zuwa. Kwanakin nan na tsakani su ne ribar tashar da ke sama: a cikinsu ake buɗe ƙofofin madatsa, a ɗaga injunan ban ruwa daga gaɓa, a tashi mutanen tsibirai. A Satumba 2020 tsayin kogin a Hartum ya haura mita 17 da rabi, ya wuce na 1946 da na 1988. Mutum fiye da ɗari suka rasu a ƙasar, gidaje fiye da dubu ɗari suka rushe ko suka lalace. Gargaɗi ba ya hana ruwa hawa, amma yana rage abin da zai tarar a hanyarsa.

A Afrilu 2011 Habasha ta soma gina babbar madatsar da ta kira ta Farfaɗowa, kusa da kan iyaka. Tafkinta yana ɗaukar biliyan 74, watau ruwan kogin na shekara ɗaya da rabi, injunanta kuma na ba da lantarki megawat 5,150. An fara tara ruwa a Yuli 2020, aka buɗe ta a Satumba 2025. Amfaninta a fili yake: wuta ga ƙasar da miliyoyin mutanenta ba su da ita, da kogin da zai rage haukan damina ya ƙara ruwan rani. Amma ta sake ma'anar awo gaba ɗaya. Dā mai lura da kogi a Sudan yana iya duban ruwan saman da aka yi a tsaunuka da lissafin shekarun baya ya yi ƙiyasin abin da ke tafe. Yanzu abin da zai ƙetare iyaka gobe ya dogara ga ƙofofin da aka buɗe ko aka rufe yau, wannan kuwa babu allo ko tauraron ɗan'adam da zai faɗe shi kafin a yi. Rusairis tana ƙasa da sabuwar madatsar da ɗan abin da ya wuce kilomita ɗari, tafkinta kuma wajen ushirin wancan ne, saboda haka ba ta da sararin jiran mamaki. Lokacin tarin farko a Yuli 2020, hukumomin Sudan sun ba da labarin ruwa ya sauka farat ɗaya, har waɗansu tashoshin ruwan sha na Hartum suka tsaya.

Ƙasashen uku sun sa hannu a kan takardar manufofi a Hartum a Maris 2015, wadda ta ambaci musayar bayanai, amma har ranar buɗe madatsar ba su cim ma yarjejeniya mai ɗaure kowa game da tara ruwa da sakinsa ba. Abin da masu aikin Rusairis da Sannar ke bukata kowace rana bai taka kara ya karya ba: tsayin tafkin sama, da abin da ya shiga, da abin da aka saki, da abin da ake niyyar saki cikin kwanaki masu zuwa. Alƙaluma huɗu ne, samunsu kuwa ya fi gina wata sabuwar tasha amfani.

Daga ginshiƙin Rauda zuwa na'urar sauti kayan aiki sun sake ƙwarai, sharuɗɗan nan biyu kuwa suna nan. Ranar da ba a karanta allo ba ta tafi ke nan, babu kuɗi ko ilimin da zai komo da ita, domin ruwan ya riga ya wuce. Lambar da aka karanta aka kulle a ofis kuma ba ta tsirar da kowa a Maiwurno ko Hartum. Wanda ke koya wa ɗalibai wannan fanni zai kyauta in ya nuna musu cewa tsakanin hadarin tsaunin Gojjam da gonar mai ban ruwa a Jazira akwai jerin mutane, daga mai karatun allo da asuba har zuwa ministan da ke riƙe da izinin aika saƙo, kowanensu kuma amana ce a hannunsa.